Yadda ake tafiyar da zaman karatun littattafan yara duk wata

Ranar da na fara tara yara don mu tattauna littafi, na zo da tambayoyi goma sha biyar a rubuce a takarda. Yara takwas suka zauna a gabana, kowa ya rungume littafinsa. Na jefa tambaya ta farko: wane ne tauraron labarin? Yarinya ɗaya ta ɗaga hannu ta amsa, sauran suka yi tsit. Ina cikin tambaya ta huɗu wani yaro ɗan shekara tara ya ce, "Malama, za a ba da maki ne?" Nan take na gane na mayar musu da abin aji. Sun baro makaranta a baya, sun zo sun tarar da ita a gabansu.

Duk matakan da ke ƙasa a kan abu ɗaya suka tsayu: zaman na yaran ne. Babba yana shirya wuri, yana samo littafi, yana buɗe magana, daga nan kuma yawancin aikinsa sauraro ne.

Mataki na farko: tara yaran

Yara shida zuwa goma sun isa. Idan sun gaza shida, ranar da biyu suka yi fashi zaman ya mutu. Idan sun haura goma, masu baki uku ko huɗu ne za su cinye lokacin, sauran su koma 'yan kallo.

Kada tazarar shekarunsu ta wuce biyu ko uku. 'Yan takwas zuwa goma su zama rukuni ɗaya, 'yan sha ɗaya zuwa sha uku rukuni ɗaya. Abin da zai sa ɗan takwas dariya har da hawaye, ɗan sha uku zai ga yarinta ne, kuma ƙanana ba sa sakin baki a gaban manya. Sau da yawa iyaye za su roƙa a haɗa da ƙanin wane, wai ya riƙa zama yana ji. Ka ba su haƙuri, ka ce in an samu takwarorinsa za a buɗe musu nasu.

Ka yi magana da iyayen kowane yaro da kanka kafin a fara. Su san wurin, su san lokacin zuwa da na tashi, su san wanda zai zo ɗaukar yaron. A samu babba na biyu da zai riƙa zama a kowane taro, a bar ƙofa a buɗe, kuma kada a ɗauki hoton yara a saka a intanet sai da yardar iyayensu. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce gare ka.

Mataki na biyu: rana da wuri

A tsayar da rana ɗaya da ba ta canzawa, misali Asabar ta farko a kowane wata. Sa'a ɗaya ta ishi ƙanana, manya kuma sa'a ɗaya da kwata. Wuri kowane iri ya yi: ɗakin karatu, falo, inuwar bishiya, ajin da ba kowa. Sharaɗi ɗaya ne, a zauna a da'ira, kai ma a cikinta, ba a tsaye a gaban allo ba. Yaron da yake kallon ƙeyar ɗan'uwansa da malami yake magana. Wanda yake kallon fuskar ɗan'uwansa da shi zai yi gardama, kuma gardamar nan ake nema.

Mataki na uku: zaɓen littafi

A nan yawancin ƙungiyoyi suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Da farko, kada ka miƙa wa yara littafin da ba ka karanta daga bango zuwa bango ba. Ba don tsoron abin da bai dace ba kawai. Sai ka karanta za ka san ko akwai abin tattaunawa a ciki. Akwai littattafai masu daɗi da yaro zai shanye a kwana biyu, amma in an zauna babu abin cewa sai "ya yi daɗi". Irin waɗannan a bar su don karatun gida. Littafin zama shi ne wanda tauraro ko tauraruwarsa ta shiga tsaka mai wuya, ta yi zaɓin da mutum biyu masu hankali za su iya saɓawa a kai. Yarinyar da ta ɓoye laifin ƙawarta aka hukunta wani. Yaron da ya yi ƙarya don ya ceci dabbar da yake kiwo. Sabon ɗalibin da kowa ya tsana ba tare da an san dalili ba. In kana karantawa ka ji kai kanka ba ka tabbatar da wanda ke da gaskiya ba, to ka samu littafi.

Ka guji labarin da wa'azinsa ya fito fili tun daga shafi na farko, inda na kirki bai taɓa kuskure ba, mugu kuma ba shi da ko ɗigon alheri. Yara suna jin ƙanshin irin wannan daga nesa. Sun san amsar da ake so, za su ba ka ita, su yi shiru. Haka kuma ka guji littafin da ake yi musu jarrabawa a kansa a makaranta, ko da mai kyau ne.

Sai batun tsawo da nauyin harshe. Ga 'yan takwas zuwa goma, shafi tamanin zuwa ɗari da ashirin mai gajerun babuka ya wadatar. Manya za su iya ɗaukar ɗari biyu. Akwai wata dabara da malaman karatu suka daɗe suna amfani da ita: a buɗe tsakiyar littafin, yaro ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka lanƙwashe kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi masa nauyi ya karanta shi kaɗai. Ka gwada da yaron da karatunsa yake tsaka-tsaki, ba da gwanin rukunin ba.

Wata biyu na farko kai za ka zaɓa. Daga na uku ka zo da littattafai uku da ka riga ka karanta, ka karanta musu shafin farko na kowanne da babbar murya, su jefa ƙuri'a. A rubuce za su yi, a ɗan guntun takarda, domin in aka ce a ɗaga hannu kowa zai bi abokinsa. Littafin da suka zaɓa da kansu sun fi gama shi, ko da kuwa kai wani ka fi so.

Ka riƙa sauya iri. Wannan watan na ban dariya, na gaba na bincike da ruɗani, sai na tarihi, sai wanda aka fassara daga wani harshe mai nuna rayuwar yaran wata ƙasa. In littafi ya taɓa mutuwa, ko rabuwar iyaye, ko cin zali, ba lallai a jefar da shi ba. Yara suna ganin waɗannan abubuwa a zahiri, labari kuma yakan ba su hanyar magana a kai ta bakin wani. Amma ka sanar da iyaye tun da wuri, ka kuma yi tunanin ko a cikin yaranka akwai wanda ciwon yake ɗanye a wurinsa.

Mataki na huɗu: samo kwafi

Ba dole kowane yaro ya mallaki nasa ba. A tambayi ɗakin karatu mafi kusa, a tambayi makarantu, a duba wurin masu sayar da littattafan hannu. Kwafi huɗu za su ishi yara takwas: kowane biyu da suke kusa da juna su raba, ɗaya ya riƙe mako biyu ya miƙa wa ɗayan. A rubuta lamba a cikin bangon kowane kwafi, a rubuta wanda ya ɗauka. Kada a kai littafi a yi masa hoto gaba ɗaya a raba. Haƙƙin marubuci ne, kuma zai yi wuya ka koya wa yaro girmama littafi da kwafin sata a hannunsa.

In kwafi ɗaya tak aka samu, har yanzu ana iya yi. Sai dai a ƙara gajerun haɗuwa a tsakiyar wata, a karanta a bayyane kowa yana ji.

Mataki na biyar: raba karatun a kan wata

Idan ka ce wa yaro "ka karanta kafin wata mai zuwa", a daren ƙarshe zai buɗe littafin. Ka yi masa lissafi. Littafi mai shafi 120 a mako huɗu, shafi 30 ke nan a mako, wato shafi biyar a rana har da hutun kwana ɗaya. Shafi biyar ba ya ba kowa tsoro. In kuwa yara biyu ne suke raba kwafi ɗaya, mako biyu kowa yake da shi, sai lissafin ya koma shafi goma a rana. Ka yanka kwali siriri na sa alama, ka rubuta a jiki inda ya kamata a kai a ƙarshen kowane mako, da ranar zama.

A bayan kwalin ka bar wuri uku da yaro zai rubuta lambar shafi: wurin da ya fi so, wurin da ya ba shi haushi, wurin da bai gane ba. Iyakar aikin gidan ke nan. Babu taƙaita labari, babu jerin sababbin kalmomi. Waɗannan lambobi uku su ne za su riƙe maka rabin zaman.

A tsakiyar wata ka tura wa iyaye saƙon tuni. Ka gaya musu cewa in yaro ya gaji, ba laifi su karanta masa babi ɗaya ko biyu. Yaro ƙarami yakan fahimci abin da aka karanta masa fiye da abin da zai iya haɗawa da kansa, kuma wanda ya ji labari da kunne yana da abin faɗa daidai da wanda ya bi shi da ido.

Mataki na shida: shirya tambayoyi

Biyar ko shida sun isa, kuma ka sa a ranka wataƙila biyu kawai za a yi.

Ma'aunin tambaya mai kyau: in ka san amsarta, kada ka yi ta. "Me sunan ƙanwar tauraron?" jarrabawa ce. "Da kai ne yayanta, za ka tafi ka bar ta a wurin?" ita ce tambaya. Ga irin waɗanda suka yi min aiki:

A wane wuri ka so ka shiga cikin littafin ka ce wa wani "kada ka yi"?

Wa ka fi yarda da shi a farko, kuma ka ci gaba da yarda da shi har ƙarshe?

Akwai wanda aka zalunta a labarin nan amma ba wanda ya kula?

Da wannan mugun ne yake ba da labarin, me zai ce ya faru?

Wane abu marubucin ya ɓoye mana, kuma yaushe ka fara zarginsa?

Na lura "me ya sa?" takan daskarar da yaro in aka jefa masa ita kai tsaye, don a gida da makaranta ita ce tambayar da ke zuwa kafin faɗa. Na fi cewa "ƙara gaya mana" ko "a ina ka ga haka?" Ta biyun tana da wani amfani babba: tana mayar da yaro cikin littafin. Zai fara buɗe shafuka yana neman hujja, na kusa da shi ya leƙo yana taya shi, kafin ka ankara suna yin abin da manyan masu nazari suke yi ba tare da an kira shi da wani suna ba. Kalmomi irin su jigo da salo da zubi ka ajiye su tukuna. In yaro ya ce, "Ni na ga kamar duk labarin a kan kishi ne," sai ka ce masa abin da ya gano shi ake kira jigo. Sunan ya biyo bayan ganowa.

Mataki na bakwai: ranar zama

Minti biyar na farko na gaisuwa ne da zama. Daga nan a zagaya, kowa ya faɗi kalma ɗaya tak game da littafin. Kalma ɗaya ba ta gagarar kowa, kuma yaron da ya ji muryarsa a farkon zama ya fi saurin sake buɗe baki.

Sai a tuna labarin tare, a minti biyar: wannan ya faɗi jimla, na gaba ya ɗora. Wanda bai gama ba ya samu zaren, wanda ya manta ya tuna.

Sannan ka karanta musu shafi ɗaya ko biyu da ka zaɓa, wurin da labarin ya yi zafi. Ka karanta da rai, ka sauya murya. In wani yaro ya nemi ya karanta, ba shi. Wanda bai nema ba kada a tilasta masa, kuma kada a bar yara su riƙa gyara wa mai karatu da ihu. Yaro ɗaya da aka yi wa dariya a kan kalma ɗaya zai iya daina zuwa gaba ɗaya.

Yanzu tattaunawa, minti ashirin da biyar zuwa talatin. Fara da kwalayensu, musamman wurin da ba a gane ba, domin nan ne yara suke taimakon juna da gaske. Sai wuraren haushi. Tambayoyinka su zo in magana ta lafa.

Abu mafi wuya a nan shi ne yin shiru. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a azuzuwa a farkon shekarun 1970, ta tarar malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara. Ni nakan ƙirga biyar a zuci. Shirun yana da nauyi, za ka ji kamar ka cike shi, amma a cikinsa yaro yake haɗa tunaninsa.

Kada ka ce "daidai" ko "ba haka ba". Da zarar ka ce wa ɗaya daidai, sauran sun rufe nasu ra'ayin. Ka ce, "Wa ya ga abin daban?" Ra'ayinka kuma ka riƙe shi zuwa ƙarshe, in sun tambaya.

Na tuna wani zama a kan labarin yarinyar da ta tona asirin yayanta. Kowa ya tafi a kan ta kyauta. Akwai wata 'yar shekara goma da wata uku ba ta ce komai ba sai kalmarta ɗaya ta farkon zama. Ranar ta buɗe shafin da ta sa wa alama, ta ɗora yatsa a kan layi, ta ce a hankali, "Malama, ba don gaskiya ta faɗa ba. Ku duba nan, tun da aka saya masa takalmi ba a saya mata ba take jin haushinsa." Yara bakwai suka duƙufa neman shafin. Ni kaina sau biyu na karanta littafin ban haɗa waɗannan wurare biyu ba. Muka shafe minti ashirin a kan ko aikin kirki da aka yi da mugun nufi yana nan a aikin kirki. Ba a cimma matsaya ba, an tashi ana ta musu har bakin ƙofa.

Minti goma sha biyar na ƙarshe a motsa jiki da hannu. A zana sabon bango, ko taswirar wuraren da labarin ya bi, ko a kwaikwayi fage ɗaya, ko wani ya zauna a tsakiya a matsayin tauraron sauran su yi masa tambayoyi. Abu ɗaya kawai a kowane zama. Daga nan kowa ya ba littafin maki daga ɗaya zuwa biyar, a zaɓi na gaba, a raba kwafi, a tashi a kan lokaci.

Matsalolin da za su zo

Yaron da bai gama ba: ya zo. Kada a tambaye shi dalili a gaban jama'a. A gaya masa dai za a faɗi ƙarshen labarin. Shi ne ma ya fi dacewa a tambaya, "Kai da ka tsaya a babi na shida, me kake zaton zai faru?" In wata uku a jere bai gama ba, ka zauna da shi ku biyu. Sau da yawa za ka tarar littattafan sun fi ƙarfinsa ne yana jin kunyar faɗa, wani lokaci ma idonsa ne yake buƙatar a duba.

Mai cinye magana: kada a kashe masa gwiwa, son littafin ne ya yi masa yawa. A samu wani abu da ake riƙewa, wanda yake hannunsa shi ke da magana. Ko a ba shi aikin rubuta abin da wasu suka faɗa.

Mai shiru: kada ka kira sunansa ba zato. Ka raba su biyu-biyu su yi magana minti biyu, sannan kowa ya faɗi abin da abokinsa ya ce.

Gardama in ta yi zafi: doka ɗaya ce, ana sukar magana, ba a sukar mai magana. Yaran da kansu su tsara dokokinsu a zaman farko, uku ko huɗu, a rubuta a manna.

Littafin da kowa ya ƙi: wannan ba asara ba ce. Ka tambaye su a wane shafi ya fara gundurarsu, da abin da za su gyara da su ne marubucin. Wasu daga cikin zaman da suka fi armashi a wurina a kan littattafan da suka sha maki ɗaya aka yi su.

Iyayen da suke son zama: su zauna a bayan da'ira, kuma a roƙe su tun kafin a fara kada su amsa wa 'ya'yansu.

Mataki na takwas: bayan an tashi

Ka ajiye littafin rubutu guda na ƙungiya. Kowane wata shafi ɗaya: sunan littafi, waɗanda suka zo, makin da aka bayar, da magana ɗaya ko biyu da yara suka faɗa, da kalmominsu. Ka rubuta tambayar da ta kama wuta da wadda ta mutu. Bayan wata shida wannan littafin zai fi kowa sanin abin da yaranka suke so.

Wajen wata na biyar ka fara sakin ragama. Yara biyu su zo da tambayoyin watan, ka duba tare da su kwana biyu kafin zama. Wata na gaba wasu biyu. Tambayoyinsu sukan fi naka kaifi, don sun san abin da ke damun tsararsu.

Watan Afrilu yana da ranaku biyu da za a iya jingina wani abu na musamman da su: 2 ga wata ita ce ranar littattafan yara ta duniya, 23 ga wata kuma ranar littafi ta duniya da hukumar UNESCO ta tsayar a 1995. A zaman wannan watan ana iya gayyatar iyaye da ƙanne, a baje zane-zanen bangon da aka tara, kowane yaro ya tashi ya tallata littafin da ya fi so a cikin shekarar a minti ɗaya. In marubucin ɗaya daga cikin littattafan yana raye kuma ana iya samunsa ta hannun kamfanin da ya buga, yaran su haɗu su rubuta masa wasiƙa ɗaya, su sa tambayoyin da suka gagare su amsawa. Kai za ka aika, da adireshinka, ba na yaran ba. Ka gaya musu tun farko cewa wataƙila amsa ta zo, wataƙila ba za ta zo ba, sannan ka ajiye kwafin wasiƙar a cikin littafin ƙungiya.